Tattasan Ba Modu da Hannun da Ke Kama Hula

Duk shekara sai an turo mini ƴan istaj, ɗalibai masu koyon aiki, kuma duk shekara sai wani cikinsu ya tambaye ni me ya sa muke ɓata shekaru wajen haɗa iri, alhali a labo, ɗakin bincike, an riga an san komai. Bana ma an yi, yana tambayar yana danna waya. Ba na fushi, domin ni ma da irin wannan kan na sauka a Difa. Amma tunda na kusa barin sarwis, bari in rubuta muku yadda aikin yake. In kun ga dama ku karanta, in ba ku ga dama ba mai ƙosai na neman takarda.

Daga Damagaram aka turo ni, farkon shekarun casa'in, aka haɗa ni da Malam Tanimu, wani tsohon ma'aikaci mutumin Maraɗi wanda ya daɗe a fadamar Komadugu har Barbarci ya zauna a bakinsa. Ranar farko bai tambayi takarduna ba. Ya miƙo mini hantsaki, da ƙullin zaren ɗinki kala-kala, da ƴan jakunkunan takarda, ya ce in same shi a gonar gwaji bayan sallar asuba. A can ya nuna mini cewa furen tattasai namiji da mace duk a ciki suke, da ya buɗe ya auri kansa. In kana son ka aura masa wani, sai ka nemi tohon da zai buɗe gobe, ka tsaga shi a hankali, ka cire mazan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka taɓa macen ba, ka shafa mata garin furen da ka zaɓa, ka rufe da jaka, ka ɗaura zare don ka gane shi. Furen farko da na kama, kansa na fille gaba ɗaya. Malam Tanimu ya duba ƙasa, ya duba ni, ya ce ashe mahauci aka turo masa.

Na yi damina guda ina fille kawuna kafin hannuna ya faɗa. Ko bayan ya faɗa, yawancin furannin da ka aura zubewa suke, ko don zafi, ko don iska, ko don akuyar maƙwabci. Ɗaya aikin kuma da ɗan turmi ake yin sa: ka daka ganyen shuka maras lafiya, ka shafa ruwan a ganyen dashe masu lafiya, ka zauna ka ga wanda zai kamu da wanda zai tsira. Malam Tanimu yakan ce a duk ma'aikatan noma mu kaɗai ake biya don mu sa wa shuka ciwo.

Ciwon da muke bi kun san shi. Ganye ya yi dabbare-dabbare, ya nannaɗe, shuka ta tsugune, ƴaƴan su fito ƙanana a murɗe. Birus ne, ƙwayar cutar da ido ba ya gani, kuma ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye ke yawo da shi. Manoma suna tsallaka kogi su sayo magani su yi ta feshi, amma kafin ƙwaron ya mutu ya riga ya soka baki ya zuba abin da ya ɗauko.

A wajen wannan ciwo na san wani manomi, Ba Modu na garin Asaga. Tattasansa ba na kowa ba ne. Yana da kaurin nama, in ya bushe jansa har ya yi duhu, ƴan kasuwa daga bakin buhu suke gane shi. Daga kakansa irin ya taso, kuma ba a hannunsa yake ba, a hannun matarsa Ya Fanna yake. Ita ke zaga gona kafin tsinka, ta ɗaura tsumma a shukar da ta fi lafiya, ta ɗebi iri daga nan, ta gauraya da toka, ta zuba a gora ta rataye a ɗakinta. Doka ɗaya gare ta, wadda ta karɓa daga surukarta: ba a ɗiban iri daga maras lafiya. Kada ku yi wa dokar nan dariya. Akwai cututtukan da ke bin iri, kuma ita ta tsare tattasan gidan tun kafin a haifi sarwis ɗinmu. Sai dai kowace shekara shukar da za a ɗaura wa tsumma raguwa take, har ya zama Ya Fanna na zaga gona da tsumma a hannu ta koma gida da rabinsa. Ba Modu ya faɗa mini da bakinsa cewa yana tsoron irin kakansa a hannunsa zai ƙare.

Mu kuwa muna da wani ƙaramin barkono da aka aiko daga wata ma'ajiyar iri ta waje. Ba shi da kyan gani, ba nama sai yaji, amma duk dakan da muka shafa masa ko atishawa bai yi ba. Muka roƙi Ba Modu ƴan dashe, muka aura musu garin wannan barkono, muka sami ɗan iri.

Shekarar da za mu shuka shi ita ce mummunar shekara. Albashi ya daina zuwa, injin ban ruwan gonar gwaji ya tsaya, babu mai babu kayan gyara. Ba Modu ya ce mu kawo a dasa a gefen gonarsa, inda injinsa ke kai ruwa. Muka dasa a fili, ba rufi. Suka tashi kore shar, har mutane na tsayawa kallo. Sai ƙwari suka zo, ciwon ya bi su kaf, bai bar ko ɗaya ba.

Wannan bai ba mu mamaki ba, littafi ya faɗa: irin wannan juriya ɓuya take a ƴaƴa, ta fito a jikoki. Abin da ake bukata kawai a bar marasa lafiyan su yi ƴaƴa, ko murɗaɗɗu ne, a ɗebi irinsu. Amma maƙwabta sun kai kuka wajen bulama, mai garinsu, cewa ma'aikata sun dasa ciwo a bakin kogi, kuma da gaskiyarsu, shuka maras lafiya rijiya ce ga ƙwari. Na je na sami Ba Modu a gindin bishiya, na yi ta bayani. Ya saurare ni har na gama.

“Ɗan Damagaram, ka ce yana ɓuya,” in ji shi. “To ina yake ɓuya? A saiwa ko a ganye? Nuna mini wurin, in bar su.”

Na ce haka littafi ya ce. Ya ce shi ma kakansa ya ce, kuma kakansa ya noma tattasai, littafi bai noma ba. Washegari aka tuge su aka ƙona. Ɗan irin da muka rage a biro, wato ofishinmu, zafin Difa ya kashe shi, na barkonon ma haka. Na ji ciwon abin ƙwarai, amma ban ga laifin tsohon ba. Ya yi tambaya, ba ni da amsa, kuma a lokacin ko waɗanda suka rubuta littafin ba su da ita.

Shekaru suka wuce ina wasu ayyuka. Malam Tanimu ya yi ritaya ya koma Maraɗi. Ba Modu ya rage gonarsa, ya sa albasa a rabi. Sai bayan shekara ta dubu biyu aka tura ni istaj na ƴan watanni a wani labo a kudancin Faransa, inda ake binciken cututtukan tattasai. A nan wata mata mai bincike, wadda ta ga ina yawan tambaya, ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta ce bari ta nuna mini abin da suka gano kwanan nan. Ku saurara da kyau a nan, domin shi ne abin da kuke cewa kun sani.

Jikin shuka ƙananan ɗakuna ne da ake kira sel. A kowane ɗaki, in za a ƙera wani abu, sai an aiko da saƙo rubuce da haruffa a kan wani siririn zare, RNA, wanda mu ƴan makarantar Faransanci muka sani da ARN. Zaren nan yana da kai yana da wutsiya, kuma ba a kama shi ta tsakiya. A wutsiyarsa akwai jerin harafi ɗaya da aka yi ta maimaitawa, da wani sinadarin jiki, furotin, da ke kwanciya a kansa ya riƙe. A kansa kuma shuka na sa masa hula: harafi ɗaya ne da aka juya baibai, aka liƙa masa wata ƴar alama, aka ɗaure shi da zaren da ɗan gajeren wuya. Zaren da ba shi da hula, ba mai karanta shi, sai ma a daddatse shi.

Ta juyo mini hoton furotin ɗin da ke kama hular. Ta ce sun san siffarsa ne don wasu sun daskarar da ɗan uwansa ya zama ƙanƙara kamar gishiri, suka haska masa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka lissafa inda kowane ɓangare yake. Siffarsa ta hannu ce da aka ɗan dunƙule don karɓar abu. A cikin tafin akwai wasu faifai biyu masu faɗi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, hular na shiga tsakaninsu ta kwanta daidai. Ƴar alamar nan da aka liƙa mata ita ke sa ta manne da su. Can ƙuryar tafin akwai wani ɗan yatsa da ke taɓa gefen harafin, ya tabbatar shi ne ba wani ba. A bakin tafin kuma wasu yatsu na riƙe wuyan. Hannun nan bai san abin da aka rubuta a zaren ba, ba ya ma neman sani. Kai kawai yake lalube. In ya ji hula ya riƙe, ya kira masu karatu.

Na ce to ina ruwan wannan da ciwonmu? Ta ce birus ɗin ma zaren RNA ne, kuma ba shi da masu karatu nasa, sai ya ari na shuka. Ba shi da hula, amma ya liƙa wani ɗan furotin nasa a kansa, wanda ke maƙale wa hannun nan a kusa da bakin tafin. Ta nuna mini wuraren da ja a hoton. A barkono mai juriya, ƴan wurare kaɗan ne suka canja a gefen bakin, cikin tafin kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka hannun na kama hular gida kamar kullum, baƙon kuma ya rasa inda zai maƙale. Ta ce yadda maƙalewar take dalla-dalla har lokacin ana bincike, kada in je in faɗi abin da ba ta faɗa ba.

Sai na yi mata tambayar Ba Modu, yadda ya yi mini ita. Ta ce ai ba ɓuya yake ba. Kowace shuka na gadon hannun nan sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƴaƴan da muka haɗa suna da na barkono mai ƙin baƙo, suna da na tattasai mai karɓa, kuma birus hannu ɗaya ya ishe shi. Sai a jikoki ne wasu za su gaji mai ƙin ta ɓangare biyu. Na daɗe ina kallon hoton nan. Murna na ji, da kuma baƙin cikin shekarun da suka tafi.

Na dawo da irin barkonon da hoton a takarda. Na sami Ba Modu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, hoton bai yi masa amfanin komai ba. Sai na ajiye takardar na miƙa masa hannuwana biyu, ɗaya a dunƙule ɗaya a buɗe, na ce ya sa mini goro. Ya sa a buɗaɗɗen. Na ce to haka ciwon ya yi wa waɗanda aka ƙona: dunƙulallen na nan, bai je ko'ina ba, ɗan uwansa ne ya karɓa. Na gaya masa zancen zaren da hularsa. Ya yi dariya ya ce ashe har cikin ganye sai mai hula ake saurara. Daga nan ya ce wannan amsa ce, ko da ta yi latti. Ya ce a sake, amma iri ba a hannunsa yake ba, in je in gaya wa mai gora.

A wannan karon na sayo gidajen sauro a kasuwar Difa na rufe ƴaƴan da muka haɗa, bulama ya zo ya gani ya yarda. Na so a ce sun kai ƙarshe lafiya, da ba sai an taɓa dokar kowa ba. Amma iskar ƙarshen damina ta yage rufin, kafin mu ɗinke ƙwari sun shiga. Ganye ya fara dabbare-dabbare. Muka mayar da rufin don kada su zame wa maƙwabta masifa, muka jira ƴaƴan suka nuna, ƙanana a murɗe.

Zan iya tsinke su da kaina in kai biro. Amma na riga na ga abin da biro ke yi wa iri, kuma irin da bai shiga hannun Ya Fanna ba, ba zai taɓa zama na gidan ba. Na same ta tana tankaɗe. Na gaya mata wannan ciwon ba ya bin iri, ƙwaro yake bi, na maimaita mata zancen hannu biyu. Ba ta ɗago ba. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan hannunta bai taɓa ɗiba daga maras lafiya ba, kuma wadda ta ba ta gorar tana kabari, ba ta da hanyar zuwa ta nemi izini. Ba Modu na zaune a tabarma yana jinmu. Can sai ya ce, a hankali, bara tsumma nawa ta dawo da shi gida?

Ya Fanna ta ajiye rariya. Ta karkaɗe zanenta ta bi ni gona, ta tsaya a bakin rufin ta daɗe tana duban shukokin nan da ba abin so a jikinsu.

“Ɗana, uban waɗannan, ka gan shi da idonka? An shafa masa ciwon bai kamu ba?”

“Da hannuna na shafa masa, Ya Fanna. Ba sau ɗaya ba.”

Ta yi bisimilla ta shiga ta tsinka. Amma ta ce ba za su kwana da irin gida ba. Ta nemo wata gora dabam ta rataye a rumfar waje.

Da shekara ta zagayo muka shuka jikokin a gadajen reno, na daka ganye na shafa musu duka. Ya Fanna ta ce ba ta taɓa ganin mugunta irin wannan ba. Yawancinsu suka kamu, muka tuge. Amma nan da can, kusan ɗaya cikin huɗu kamar yadda lissafin gado ya nuna, wasu suka tsaya kore, ganyensu a miƙe. Aka kamo hannun Ba Modu aka kawo shi, ya tsuguna yana shafa ganyen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya Fanna ta koma gida ta yago tsumma.

Nan ne ku ƴan istaj kuke zaton labari ya ƙare. Bai ƙare ba. Da suka yi ƴaƴa, yawancinsu kakansu barkono suka biyo, ba nama sai yaji, ba ɗan kasuwar da zai kalle su. Dole a sake aura su da tattasan gida, kuma da an aura, hannu mai karɓa ya dawo, ƴaƴa su sake zama masu kamuwa, a sake jiran jikoki. Haka muka yi ta kai da kawowa shekara bayan shekara, kowane zagaye nama na ƙaruwa, ja na ƙara duhu. Wani zagayen rufi ya tsare su, wani zagayen bai tsare ba, Ya Fanna ta sake shiga ta tsinka. Hoton labo bai rage mana ko damina ɗaya ba. Abin da ya yi mana shi ne ya ba mu amsar da za a bar shuka a ƙasa saboda ita. Kuma kada ku ce an gama da ciwon, domin birus ma yana canja abin da ke kansa, akwai kuma wasu ire-irensa da wannan hannun bai hana su ba.

Ba Modu bai ga ƙarshen ba. Ya rasu ana saura zagaye ɗaya, Allah ya jiƙansa. Na yi kewarsa, har yau in na bi hanyar Asaga sai na duba gindin bishiyar nan.

Shekarar da aka shanya tattasan farko da ya yi kama da na kakansa, na je na tarar da shi baje a fili, ja har ya yi duhu. Wani ɗan kasuwa ya ɗauki ɗaya ya murza ya shinshina, ya ce ashe na Ba Modu bai ƙare ba. Na bar shi a wurin. Na shiga gida in gaida Ya Fanna, na ga gorar rumfa ba ta nan, an mayar da ita ɗaki kusa da tsohuwar gorar. Ya Fanna na zaune da Yagana, matar babban ɗanta, tana nuna mata yadda ake gauraya iri da toka, domin tsufa ya kama ta, lokacin miƙa gora ya yi. Na tsaya daga bakin ƙofa. Na ji ta faɗa mata dokar, kalma bayan kalma yadda ta karɓe ta, cewa ba a ɗiban iri daga maras lafiya. Yagana ta ce to. Tsohuwar ta ci gaba da murza toka, har na ɗauka ta gama. Sai ta ƙara da abin da surukarta ba ta faɗa mata ba.

“Sai fa in kin san ubansa.”